Yaushe Ya Kamata Yaro Ya Fara Karatun Alƙur'ani, Kuma Ta Yaya Ake Farawa?

Iyaye da yawa suna tambayar malamai shekarar da ta dace a sa yaro karatun Alƙur'ani, suna fatan a yanke musu lamba guda, huɗu ko biyar ko bakwai, su riƙe ta hankalinsu ya kwanta. Babu aya ko ingantaccen hadisi da ya ƙayyade wata shekara ga wannan al'amari. Abin da ya sa tambayar take rikitar da mutane kuma shi ne ana cuɗa ayyuka uku wuri ɗaya alhali kowannensu yana da lokacinsa: akwai sauraren Alƙur'ani, akwai biya wa yaro gajerun surori yana maimaitawa da baki, sannan akwai koyon baƙaƙe da karatu a mushafi tare da hadda mai tsari. Na farko yana farawa tun yaro yana goye, na biyu yana jiran bakinsa ya buɗe, na uku kuma yana jiran hankalinsa ya kai ya zauna ya karɓi darasi. Uban da ya bambance waɗannan uku ba zai ɗora wa ɗan shekara uku nauyin ɗan shekara bakwai ba, kuma ba zai bar ɗan shekara bakwai yana jiran wani lokaci da ya riga ya zo ba.

Abin da magabata suka bari a kan batun

Imamu Buhari ya buɗe babi a Sahihinsa kan koya wa yara Alƙur'ani, ya kawo maganar Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu yana ɗan shekara 10, kuma a lokacin ya riga ya karanta Muhkam, wato surorin Mufassal, waɗanda suke farawa daga wajen Suratu Ƙaf zuwa ƙarshen mushafi. Yana da kyau iyaye su lura da wannan sosai, domin sahabin da al'umma ta san shi da tafsiri, a shekara goma abin da ya ambata yana da shi surorin ƙarshen mushafi ne, kuma hakan bai rage masa komai ba daga matsayin da ya kai daga baya. A cikin Buharin ne kuma labarin Amru ɗan Salama yake, yaron da mutanensa suke zaune a kan hanyar ayari, yana tare matafiya yana jin abin da aka saukar wa Annabi yana haddacewa, har da mutanensa suka musulunta aka nemi wanda ya fi kowa Alƙur'ani a cikinsu ba a sami kamarsa ba, ya limance su yana ɗan shekara shida ko bakwai. Babu wanda ya zaunar da shi, da kunne da sha'awa ya ɗauka.

A ɗaya ɓangaren, Ibnu Hajar, wanda ya rasu a shekarar 852 bayan Hijira, ya ambata a Fathul Bari cewa an ruwaito ƙin gaggauta koya wa ƙaramin yaro daga Sa'idu ɗan Jubairu da Ibrahim An-Naha'i, saboda gudun yaron ya ƙosa tun bai san abin da yake yi ba, sannan ya rufe maganar da cewa gaskiyar lamari abin yana bambanta daga mutum zuwa mutum. An kuma ruwaito cewa an tambayi Imamu Malik game da yaron da ya haddace Alƙur'ani duka yana ɗan shekara bakwai, ya ce ba ya ganin hakan ya kamata, masu sharhin maganarsa kuma suka bayyana cewa abin da yake gudu shi ne tsanantawar da galibi ake yi wa ƙaramin yaro kafin a kai shi ga haka. Ana yawan kawo wa iyaye misalin Imamu Shafi'i da ya haddace yana da shekara bakwai, da Suyuɗi da ya faɗa da bakinsa cewa ya sauke bai cika takwas ba, kuma gaskiya ne, amma Ibnul Jazari, wanda ilimin ƙira'o'i yake komawa gare shi har yau, yana da shekara 13 ya kammala haddarsa. A ganina maganar Ibnu Hajar ita ce ta tattara duka, kuma a kanta ya kamata uba ya gina shawararsa game da ɗansa.

Daga haihuwa zuwa wajen shekara uku

A wannan lokaci aikin na kunne ne kawai. Jariri yana jin sauti tun a watannin ƙarshe na ciki, kuma masu binciken yadda yara suke koyon harshe sun nuna cewa a watanninsa na farko yana iya bambance sautuka da yawa, sannan kafin ya cika shekara kunnensa ya fara karkata ga sautukan da yake yawan ji a kusa da shi. Wannan yana da muhimmanci ga gidan da ba Larabci ake magana da shi ba, domin haruffa irin su ع da ح da ص da ض babu inda yaro zai ji su idan ba a karatun ba. Saboda haka uwa ko uba su riƙa yin tilawarsu a bayyane a inda yaron yake, su karanta masa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi lokacin kwanciya, ya riƙa ganin mushafi a hannunsu a kai a kai. Ana iya kunna karatun gwanayen makaranta a gida da murya madaidaiciya, amma ba sai an miƙa masa waya yana kallo ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ba ta ba da shawarar a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, kuma daga shekara biyu zuwa huɗu ta ce kada ya wuce awa ɗaya a rana. Ba a tambayar yaro komai a wannan mataki, ba a ce masa ya maimaita, ba a gwada shi a gaban baƙi.

Daga shekara uku ko huɗu zuwa shida: biyawa da baki

Idan yaro ya fara haɗa jimla mai kalma huɗu ko biyar, yana maimaita abin da ya ji manya suna faɗa, lokacin biya masa ya yi. Ga yawancin yara wannan yana faɗowa tsakanin shekara uku da huɗu, wasu kuma sukan ɗan jinkirta, musamman wanda bakinsa bai buɗe da wuri ba. A fara da Fatiha, domin ita ce zai fara buƙata a salla, sannan Nasi da Falaƙi da Ihlasi, a ci gaba da hawa sama a hankali cikin juzu'in Amma, wanda yake ɗauke da surori 37 daga Naba'i zuwa Nasi.

Yadda zaman yake kasancewa shi ne mai biyawa ya zauna daidai tsayin yaron, fuska da fuska, yadda zai ga motsin leɓɓansa da harshensa. A ɗauki Suratul Ihlasi misali. Mai biyawa ya karanta surar duka sau ɗaya a natse, sannan ya dawo kan ayar farko ya ce "Ƙul huwallahu ahad" sau uku yaron yana saurare, sannan ya ce, "To, ɗana, kai ma faɗa." Sau da yawa yaron zai ce "kul" da kafi mai laushi, ya kuma saki ha'in "ahad" ya fito daga ƙirji maimakon tsakiyar maƙogwaro. Kada a ce masa ya yi kuskure. A sake faɗa masa daidai, a ɗan ja kalmar yadda zai ji bambancin, ya sake gwadawa sau biyu ko uku, a yaba masa, a tashi. Minti biyar ya isa, idan ya kai goma an yi da yawa, kuma ya fi kyau a tashi yaron yana son a ƙara da a jira sai ya fara miƙa yana waige-waige. Gobe a fara da ayar jiya kafin a ƙara ta biyu, a haɗa su. Da wannan tafiyar surar takan zauna cikin mako ɗaya, kuma babu laifi idan ta ɗauki biyu.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne bakin yaro yana kan ginuwa. Akwai sautukan da yara da dama ba sa iya furtawa sosai sai sun kai shekara biyar zuwa bakwai, harafin ra'i yana daga cikinsu. Sannan a wajen shekara shida haƙoran gaba suna fara faɗuwa, alhali haruffa uku, ث da ذ da ظ, daga kan harshe da gefen haƙoran gaba na sama suke fita. Yaron da yake da giɓi a wannan wuri, idan ya zo kalmar ƙarshe ta ayar farko a Suratul Kausar harafin bai fita daidai ba, wurin da zai ɗora harshen ne babu, kuma yi masa tsawa ba zai tsiro masa da haƙori ba. Abin da ake so shi ne ya ci gaba da jin daidai daga bakin mai biya masa, domin idan kunne ya riƙe daidai, harshe zai bi daga baya.

Wannan ne ya sa wajibi ne iyaye su duba nasu karatun kafin su zama masu biyawa. Kuskuren da yaro ya ɗauka yana ɗan shekara huɗu yakan bi shi shekaru masu yawa, kuma cire shi ya fi koyar da sabo wahala. Uwar da take shakkar furucinta tana iya dogara da karatun koyarwa na Shaihu Mahmud Halil Al-Husari ko na Shaihu Muhammad Siddiƙ Al-Minshawi, wanda ake jin yara suna maimaitawa bayansa aya bayan aya, su saurara tare ita da ɗanta, su maimaita tare. A kuma tsaya a kan ruwaya ɗaya, wadda malamin da yaron zai je wurinsa yake koyarwa, ko Hafsu ko Warshu ko Ƙaluna, domin cuɗa su a kunnen ƙaramin yaro yana rikita shi.

Alamomin da suke nuna ya isa koyon baƙaƙe

Malaman fiƙihu suna kiran yaron da ya fara wayo mai tamyizi, kuma sun siffanta shi da wanda yake fahimtar magana ya kuma mayar da amsa daidai. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, wanda ya umurci iyaye su sa 'ya'yansu salla suna da shekara bakwai, shi ne mafi kusancin ma'auni da muke da shi, domin yaron da za a ce ya yi salla dole ya riga ya iya Fatiha da ɗan abin da ya sauƙaƙa na surori. Saboda haka shekara bakwai ta zama iyakar da bai kamata a wuce ta ba tare da an fara karatu mai tsari ba, muddin yaron lafiyarsa ƙalau, sai dai yara da yawa suna shirya tun suna biyar ko shida. Malaman hadisi ma sun kafa hujja da Mahmud ɗan Rabi'u, wanda ya riƙe wani abu da ya gani daga Annabi yana ɗan shekara biyar, kan cewa ɗan wannan shekara yana iya riƙe abin da ya ji ya kuma isar da shi.

Maimakon ƙidaya shekaru, a dubi yaron da kansa. Shin yana iya zama kan abu ɗaya na minti goma zuwa sha biyar ba tare da an riƙe shi ba? Idan an ba shi umurni mai gaɓa biyu, kamar ya ɗauko littafi ya ajiye shi a kan tebur, yana cikawa? Yana bambance siffofi masu kama da juna, yadda zai gane cewa ب da ت da ث jikinsu ɗaya, ɗigo ne ya raba su? Yana iya kula da tsarkinsa, kuma yana iya rabuwa da mahaifiyarsa na ɗan lokaci ba tare da firgita ba? Idan amsar yawancin waɗannan e ce, a fara. Idan ba haka ba, a ci gaba da biyawa da baki na wata uku ko shida a sake dubawa, domin abin da zai ɗauki ɗan shekara huɗu wata shida yana kuka, ɗan shekara shida yakan gama shi cikin makonni kaɗan yana murna. Idan kuwa yaro ya wuce shekara bakwai yana ta juya haruffa, ko ba ya amsawa sai an ɗaga murya, ko yana kai littafi dab da idonsa, a kai shi a duba ji da ganinsa kafin a yanke masa hukuncin rashin ƙoƙari.

Koyon baƙaƙen kansa yana da tsari sananne: babbaƙu ɗaya bayan ɗaya, sannan siffofinsu a farkon kalma da tsakiya da ƙarshe, sannan farfaru, wato fataha da kasra da damma, sai tanwini da sukuni da shadda da haruffan madda, daga nan a shiga haɗa kalmomi. Littattafai irin su Ƙa'ida Bagdadiyya da Ƙa'ida Nuraniyya a kan wannan jeri aka gina su. Kada a tsallake wannan mataki don ɗokin a ga yaro riƙe da mushafi, domin akwai yara da yawa da suke bin layi da yatsa suna karantawa daga ƙwaƙwalwa, iyaye suna zaton sun iya karatu, sai ranar da aka buɗe musu shafin da ba su taɓa ji ba abin ya bayyana. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a nuna masa kalma ɗaya daga tsakiyar wata sura da bai hadda ba, a ce ya karanta.

Gwargwadon ƙari da tilawa

Mushafin bugun Madina yana da shafi 604, kowane shafi layi 15. Yaron da yake ƙarin layi biyar a rana, kwana biyar a mako, zai kai ƙarshe cikin kimanin shekara bakwai, wanda yake ɗaukar rabin shafi kuma zai kai cikin ƙasa da shekara biyar. Ma'anar wannan lissafi ita ce wanda ya fara hadda mai tsari yana ɗan shekara bakwai, da tafiya mafi sauƙi ma, zai iya saukewa yana da shekara sha huɗu ko ƙasa da haka, don haka babu dalilin firgicin da yake sa wasu iyaye su danne ɗan shekara uku. Alƙur'anin kansa cikin shekara 23 aka saukar da shi, kuma Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Isra'i ya rarraba shi ne don a karanta wa mutane shi a kan jinkiri. Abu Abdurrahman As-Sulami ya ba da labarin cewa sahabban da suka karantar da su ba sa wuce aya goma sai sun san abin da yake cikinta na ilimi da aiki.

Tilawar baya ta fi ƙari muhimmanci, kuma a nan ne yawancin gidaje suke yin asara. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Alƙur'ani ya fi raƙuma saurin kuɓucewa daga dabaibayinsu. A raba zaman yaro kashi uku: ƙarin yau, sai abin da ya ɗauka a makon nan, sai wani yanki na tsohuwar haddarsa da ake zagayawa a kai. Duk ranar da lokaci ya ƙure, ƙarin za a bari, tilawar kuma a yi ta. Lokacin da ya fi dacewa da sabon ƙari shi ne da safe bayan ya sami isasshen barci, kuma yaron da ya wuni a makaranta ya dawo a gajiye, a bar shi ya ci ya huta ya yi wasa kafin a ce ya buɗe mushafi. Tun daga gajerun surori kuma a riƙa gaya masa ma'ana da harshen da yake ji, ko da jimla ɗaya ce, kamar a ce masa Suratul Fili labarin rundunar da ta zo rushe Ka'aba ce Allah ya halaka ta. Yaro yana riƙe labari fiye da yadda yake riƙe sautin da bai san inda ya dosa ba.

Malami, da batun duka

Idan za a miƙa yaro ga malami, a duba abu biyu kafin komai, ingancin karatunsa da yadda yake mu'amala da ƙananan yara, kuma uba ya je da kansa ya zauna ya ga darasi ko sau ɗaya ne. Ba na ganin akwai wani uzuri ga dukan ɗan shekara biyar ko shida don ya manta aya. Alƙalami bai hau kansa ba tukuna, kuma salla ma, wadda take ginshiƙin addini, hadisin Abu Dawuda da ya gabata bai ambaci horo a kanta ba sai a shekara goma, bayan shekara uku cur ana umurni da lallashi. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko da "tir" ba. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a shekarar 1406 Miladiyya, ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa kan cewa tsanantawa ga ɗalibai tana cutar da su, ya ce tana kashe musu kuzari, tana koya musu ƙarya da ɓoye-ɓoye don tsoron hannun da yake kansu. Yaron da cikinsa yake ɗurar ruwa duk lokacin da aka ce a ɗauko mushafi yana iya saukewa, amma akwai fargabar ya ajiye shi ranar da ya fi ƙarfin a tilasta masa, alhali abin da ake nema shi ne ya riƙe shi har tsufansa. Idan aka ga yaro ya fara ƙirƙiro ciwon ciki ko ciwon kai daidai lokacin karatu, a rage ƙarin, a gajarta zaman, a bincika abin da yake faruwa a ajin.

Haka nan a guji auna shi da ɗan'uwansa ko ɗan maƙwabta. 'Ya'ya mata da maza duk hukuncinsu ɗaya ne a wannan, kuma a ɗaki ɗaya ana samun wadda ta haddace juzu'in Amma tana da shekara biyar da wanda bai kai ga haka ba sai yana da takwas.

Idan an makara

Wanda ɗansa ya kai shekara goma ko sha biyu bai fara ba, kada ya ɗauka ƙofa ta rufe, domin yawancin sahabbai da girmansu suka koyi Alƙur'ani, kuma hadisi ya tabbata cewa mai karantawa yana tuntuɓe saboda wahalar da yake sha yana da lada biyu. Babban yaro yana da abin da ƙarami ba shi da shi: yana gane ƙa'idar tajwidi idan an yi masa bayani, yana iya zama rabin awa, kuma yakan gama babbaƙu da farfaru cikin ɗan lokaci. Abin da yake hana shi galibi kunya ce, saboda haka kada a zaunar da shi a layi ɗaya da 'yan shekara biyar. A nema masa malamin da zai ɗauke shi shi kaɗai ko tare da sa'o'insa, a fara gyara masa Fatiha da surorin da yake salla da su, sannan a haɗa masa koyon baƙaƙe da ɗan ƙari kaɗan a kowace rana har ya iya buɗe mushafi ya karanta da kansa.